Shin akwai yaron da ba a halicce shi don karatu ba?

Wani bawan Allah mai sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya aiko mini da tambaya. Ɗansa shekararsa tara, yana aji uku a wata makarantar kuɗi a wajen Ketu, amma har yau bai iya karanta layi ɗaya ba. Malamarsa ta ce kansa ba ya ja. An yi dukan har an gaji, yaron ma ya daina kuka in an dake shi. Ƙanen mahaifin na cewa a mayar da shi Arewa makarantar allo, mahaifiyar na cewa a ƙara masa lesin, shi kuma uban zuciyarsa na raya masa ya cire shi ya zaunar da shi a rumfa. Ya rufe da cewa: "Malam, kai da ka daɗe da yara, me ka yarda da shi? Akwai yaron da Allah bai yi shi don karatu ba?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya mana shi, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Ka kyauta da ka tambaya tun kafin ka yanke hukunci, domin iyaye da yawa sai sun cire yaro sun gama sannan su zo neman shawara.

Shekarata ashirin da uku ina riƙe da alli a nan Agege, da safe firamare, da yamma Islamiyya. A tsawon wannan lokaci ban ga yaron da zan iya nunawa da yatsa in ce wannan ba a halicce shi don ya koya ba. Na ga mai saurin ɗauka, na ga mai nawa. Na ga 'yan ƙalilan masu larura ta gaske, wanda haruffa ke rikice masa, da wanda kunnensa bai ji sosai, kuma su ma suna koya in an bi da su ta hanyarsu. Amma akasarin yaranmu da ake kawo mini an riga an laƙa musu sunan daƙiƙi, in na zauna da su mako guda sai in tarar kwanyar lafiya lau take. Abu biyu ne suka toshe ta. Yaron bai fahimci harshen da ake koya masa da shi ba, kuma yana tsoron mai koya masan.

Ga wani gwaji da ba sai ka biya kowa ba. Gobe in ya zo rumfa, kada ka nuna masa jarrabawa ce, cikin hira kawai ka ce masa: mutum ya sayi albasar ɗari bakwai da hamsin, ya miƙo dubu biyu, nawa ne canjinsa? Ka tambaye shi da Hausa. Ina kyautata zaton kafin ka rufe baki zai ce dubu da ɗari biyu da hamsin. To wannan lissafin ne fa ake rubuta masa a allo da Turanci yana cin sifili. Sannan ka ƙirga harsunan da ke bakinsa. Da Hausa yake magana da mahaifiyarsa, da Yarbanci yake wasan ƙwallo a layi, da Turancin Buroka yake ciniki da masu saye, ga surorin da ya haddace da Larabci. Yaron da ya ɗauki harshe uku a kan titi ba tare da wani ya zaunar da shi ba, ta ina za a ce kansa ba ya ja?

Abin da ke faruwa da shi a aji shi ne wannan. Ka ɗauka kai ne, Alhaji, aka kai ka wani ɗaki aka zaunar, wani ya shigo yana ta bayani da Sinanci, yana rubutu a allo da Sinanci, kuma duk sanda ya tambaye ka ka yi shiru sai ya tsula maka bulala. Me za ka yi? Za ka koyi motsa baki tare da sauran mutane. Za ka koyi kwafar abin da ke allo tsaf kamar mai zane. Za ka nemi benci na ƙarshe ka sunkuyar da kai. Haka yaranmu ke yi. Ka buɗe littafin ɗanka yau da dare, zan yi mamaki in ba ka tarar da shi cike da rubutu mai kyau ba. Ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya ka ce ya karanta. A nan za ka gane cewa kwafar rubutu daban, karatu daban. Iyaye da yawa cikar littafi ke yaudararsu har shekara uku ta wuce.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai, an gwada shi a ƙasar nan. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa, wanda haifaffen Isale Eko ne a nan Legas, ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife daga shekarar 1970. Aka ɗauki wasu yara aka koya musu dukkan darussa da Yarbanci tsawon shekara shida ta firamare, Turanci kuwa aka koyar da shi a matsayin darasi guda. Wasu kuma aka bi da su yadda aka saba, wato aka juya su zuwa Turanci tun a tsakiyar firamare. Da aka zo auna su, waɗanda suka yi karatu da harshen gidansu ba su gaza ba ko a Turancin ma, kuma a darussa da dama su ne a gaba. Mutumin nan ya zama ministan ilimi a 1990, kuma har ya bar duniya bai sauka daga wannan magana ba. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ita ma ta ce a fara wa yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin.

Sai dai a Legas harshen yankin Yarbanci ne, kuma tun 2018 akwai dokar jiha da ta wajabta koyar da shi a makarantu. Ni ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Muna zaune da mutanen nan tun zamanin fataken goro, kakanninmu a Zangon Agege da Yarbanci suka yi ciniki, kuma yaron da ya iya harshen maƙwabcinsa ya rage wa kansa rigima. Amma sakamakon shi ne ɗan Bahaushe yana shiga aji ya tarar da harshe biyu, kuma babu nasa a ciki. Ɗan Bayarabe in ya rikice, malama za ta sunkuya ta faɗa masa da harshen gida ya gane. Namu babu mai sunkuyawar. Wannan giɓin mu ne za mu cike shi, iyaye da malaman Hausawa, don babu wanda zai zo ya cike mana.

Yadda nake yi kuwa ba sabon abu ba ne, daga makarantar allo na ɗauko shi. Ka tuna yadda aka fara mana: babbaƙu tukuna, alu, ambaki, wau, zal, sai an san kowane harafi da kamanninsa, sannan a shiga farfaru a ɗora wasali, sannan a fara haɗa baƙi. Malamanmu na zaure sun san cewa karatu sauti ne ake haɗawa da sauti, ba kalma ake haɗiya ɗungurungum ba. To rubutun Hausa na boko ya dace da wannan hanya ƙwarai, domin abin da ka rubuta shi za ka furta. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u. In yaro ya kama ba, be, bi, bo, bu, ya kama ka, ke, ki, ko, ku, to ya sami mabuɗi. Turanci ba haka yake ba. Haruffansa 26 ne amma sautukansa sun haura 40, harafi ɗaya sai ya yi sauti uku ko huɗu gwargwadon kalmar da ya faɗa ciki. A ce yaro ya fara koyon karatu da irin wannan rubutu, a harshen da bai ji ba, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda.

Akwai wani yaro da aka kawo mini daga Idi Araba, sa'an ɗanka ne ko ya girme shi da kaɗan. Kwana uku bai ɗaga kai ya dube ni ba. In na matso kusa da shi sai ya ɗaga gwiwar hannu ya kare fuska, alhali ko alli ban riƙe ba. Muka yi ta ba, be, bi har mako biyu. Wata rana bayan la'asar na rubuta ba a allo, na bar ɗan fili, na sake rubuta ba. Ya ce ba, ya ce ba. Na goge filin na matso da su. Ya ce ba-ba, ya sake cewa ba-ba da sauri, sai ya yi tsit. Ya dubi allon, ya dube ni, a karon farko ido cikin ido, ya ce, "Malam, Baba ne!" Shekara huɗu yana zuwa makaranta, sai ranar ya san cewa wannan zanen da ake sa shi kwafa magana ce, kuma maganar da ya sani. Kafin magariba ya karanta kaka, ya karanta tuwo, ya karanta gida. Da aka tashi ya roƙe ni guntun alli ya tafi da shi. Washegari mahaifiyarsa ta aiko cewa ya cika musu bangon ɗaki da rubutu.

Yaron da ya iya karatu da Hausa ba ya sake koyon karatu daga farko in ya koma Turanci. Ya riga ya san harafi na ɗauke da sauti, ya san ana bi daga hagu zuwa dama, ya san rubutu ma'ana yake bayarwa. Abin da ya rage masa kalmomi ne da ƙa'idojin sabon harshen. Don haka ina roƙonka, kai da mai ɗakinka, kada ku daina yi masa Hausa a gida da sunan taimaka wa Turancinsa. Na ga gidajen da suka yi haka, yaro ya tashi Hausarsa gurguwa, Turancinsa na titi, babu harshen da zai iya yin dogon tunani da shi. Ku yi masa Hausa mai kyau, mai nauyi. Mahaifiyarsa ta yi masa tatsuniya, ta tsaya a tsakiya ta tambaye shi me yake gani Gizo zai yi. Ku yi masa kacici-kacici. Duk wannan karatu ne, ko da babu littafi a wurin.

Yanzu in koma kan abin da ya fi tsaya mini a rai a saƙonka, inda ka ce ya daina kuka in an dake shi. Alhaji, wannan ba taurin kai ba ne. Yaro ne ya yanke ƙauna. Ya gane cewa ko ya yi ƙoƙari ko bai yi ba dukan na nan tafe, don haka ya janye zuciyarsa ya bar muku jikin.

Ni ma na yi duka, kuma ba zan ɓoye maka ba. A shekarata ta uku da fara aiki akwai wani yaro ɗan aji huɗu da kullum sai an gama taron safe yake shigowa, kuma kafin ƙarfe goma yana gyangyaɗi. Na yi masa faɗa, na sa shi durƙuso, ranar da raina ya ɓaci na ce ya miƙo hannu na yi masa bulala shida. Bai ce uffan ba. Bayan 'yan kwanaki na fito sallar asuba, sai na hango wani mai ruwa yana tura kura cike da jarkoki a kan wata hanya mai tudu, ga wani ɗan ƙaramin yaro ya sa kafaɗa yana taya shi. Da suka zo ƙarƙashin fitila na gane ɗalibina ne da mahaifinsa. Tun kafin kiran sallar farko suke fita. Da ya zo aji ranar na kira shi gefe na ce ya buɗe tafin hannunsa. Duk kanta ce, wani wurin ya fashe. A kan wannan hannun na sauke bulala shida, don ban tambaya ba. Na nemi gafararsa, na je na sami mahaifinsa muka daidaita cewa zai riƙa sakinsa da wuri, ni kuma na mayar da shi benci na gaba. Daga ranar na ajiye bulala, kuma na ɗaukar wa kaina alkawarin ba zan hukunta yaro a kan abin da ban bincika dalilinsa ba.

Na san abin da ake cewa: mu ma da duka aka koya mana, ga shi mun zama mutane. Gaskiya ne wasunmu sun kai. Amma ka ƙirga abokan karatunka nawa suka gudu ba su dawo ba, su ba a jin ta bakinsu. Kuma malamanmu na da can ba su sake wa mai koyarwa hannu yadda muke zato ba. Ibn Khaldun, malamin tarihin da ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ware babi guda a littafinsa a kan cewa tsanantawa ga ɗalibai tana cutar da su, musamman ƙanana. Ya ce wanda aka rena da gallazawa ransa yakan ƙuntata, karsashinsa ya tafi, ya koma malalaci, ya koyi ƙarya da nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da ke kansa. Duk malamin da ya daɗe a aji ya ga wannan da idonsa. Malaman Malikiyya da suka yi rubutu a kan ladubban masu koyar da yara, ko a inda suka yarda da duka, sun ce kada ya wuce uku. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba. Nana A'isha ta ce bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Masu kafa hujja da hadisin salla su lura da tsarinsa: a umarci yaro yana da shekara bakwai, ba a ambaci duka ba sai a goma. Shekara uku cur ana koyarwa ana haƙuri, kuma a kan abin da yaron ya iya ya ƙi yi. Ɗanka bai ƙi karatu ba, bai iya ba ne. Dukan wanda bai iya ba zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Gwamnatin jihar Legas ma ta hana bulala a makarantunta.

Ajiye bulala ba sakaci ba ne. A ajina akwai doka, kuma yara sun san ta. Wanda ya zagi wani zai tashi ya ba shi haƙuri a gaban jama'a. Wanda ya zubar da shara shi zai share. Wanda bai yi aikin gida ba zai zauna ya yi shi lokacin da 'yan'uwansa ke wasa, ina zaune kusa da shi. Mafi fitina a aji kuwa shi nake damƙa wa amana, ya riƙe alli, ya raba littattafai, kuma sau da yawa nauyin ne ke gyara shi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tanƙwarawa aka ce, da hannu biyu, a hankali. Ba a ce a sa gatari ba.

Akwai kuma abin da yaranmu ke haɗiya a makarantun garin nan wanda ba sa faɗa a gida. Yaro ya tashi zai yi karatu, ya furta fa a inda ake son pa, aji ya fashe da dariya, wani ya ce aboki. Kalmar nan mai daɗi ce a harshenmu, amma ka san yadda ake jefa ta a nan. Sau biyu ko uku aka yi masa haka, ba zai sake ɗaga hannu ba. Ni a wurina mutuncin yaro yana gaba da darasin ranar. Ba na barin a yi wa kowa dariya a kan harshensa, ɗan Bahaushe ne ko ɗan Bayarabe ko ɗan Ibo, kuma ba na kiran yaro da sunan da uwarsa ba za ta so ta ji ba. Ka tambayi ɗanka, a hankali, ba a gaban mutane ba, da wane suna ake kiransa a aji. Kuma kalmar daƙiƙi ta fita daga gidanka daga yau. Yaro yakan zama abin da ake yawan kiransa da shi.

Sai shawarwari ukun da ke gabanka. Maganar mayar da shi Arewa, ina girmama niyyar ƙanenka, don babu gadon da ya fi Alƙur'ani. Amma ka tambayi kanka wa zai ciyar da shi, ina zai kwana, wa zai duba shi in zazzaɓi ya kama shi. Mun ga abin da ya faru a 2020 lokacin korona, da aka yi ta loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. In akwai kakarsa ko gwaggonsa da zai zauna a hannunta, ya je makaranta ya dawo gida ya ci tuwo, wannan wata magana ce. Amma a ɗauki yaro ɗan shekara tara wanda ya riga ya karaya, a raba shi da uwarsa, zai fassara shi da cewa an yar da shi ne saboda ya kasa. Alƙur'ani kuwa ana haddace shi a Agege da Mile 12 da Idi Araba, ga alarammomi nan a cikinmu.

Ƙarin lesin kuma, in irin abin da ake yi da safe ne za a maimaita da yamma, asarar kuɗi ce. Yaron da ya fita tun bakwai, ya taso biyu, ya zauna lesin zuwa huɗu, ya wuce Islamiyya zuwa shida, ga cunkoson hanya, yaushe zai yi wasa, yaushe zai yi barci? Rabin awa a rana da mutumin da zai koya masa haɗa baƙi da Hausa ya fi masa awa biyu na kwafar allo.

Rumfa ita ce na fi jin tsoro, don ita ce ta fi sauƙi kuma ta fi kama da hikima. Ban rena kasuwa ba, da ita aka rene mu. Ya riƙa zuwa ranar Asabar da lokacin hutu, ya koyi ciniki, ya san mutane, wannan ma tarbiyya ce. Amma kada ta maye gurbin aji. Kai shaida ne a kan yadda garin nan ke juyawa. A watan Yunin 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Surulere da Apapa, dubban 'yan'uwanmu suka wayi gari babu sana'a, kuma wanda ba shi da karatu a cikinsu bai da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kasuwar taka ma yanzu kuɗi ta waya ake turowa, ga takardar haya, ga rasit, ga wasiƙar hukuma. Wanda bai iya karantawa ba kullum yana hannun wanda zai karanta masa. Mutanen da muke zaune da su sun daɗe da gane wannan. Lateef Jakande da ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1983 ya tarar yara na karatu kashi-kashi, wasu da safe wasu da rana, ya gina azuzuwa birjik ya soke wannan tsari, ya ce kowane yaro ya shiga kyauta. 'Ya'yan masu sayar da kifi da direbobi da suka shiga waɗannan azuzuwa su ne manyan ma'aikata a yau. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ba ɗanka haƙƙin shekara tara na karatu kyauta, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kuma ba ta ce sai ɗan asalin jiha ba.

Game da makarantar da yake yanzu, kada yunifom mai kyau da sunan Turanci su ruɗe ka. Akwai makarantun kuɗi nagari, akwai kuma waɗanda ɗaki uku ne aka sa wa allo, malaman ba su da horon koyarwa, albashinsu bai kai su ƙarshen wata. A makarantar gwamnati aƙalla ana neman malami ya mallaki takardar NCE, ko da yake yawan yara a aji matsala ce ta gaske. Ka je da ƙafarka, ka gaisa da malamar cikin mutunci, ba da faɗa ba, don ita ma wataƙila yara hamsin ne a gabanta kuma ba ta jin Hausa. Ka roƙe ta abu biyu: ta dawo da shi gaba, kuma ta daina dukansa. In aka ce ya maimaita aji, kada ka ɗauke shi abin kunya. Gara ya maimaita aji uku ya iya karatu da a yi ta tura shi har aji shida yana kwafa.

Ba ka ambaci 'ya'ya mata ba, amma in kana da su, duk abin da na faɗa ya hau kansu. Na sha ganin a biya wa namiji makarantar kuɗi, mace a ɗora mata tiren talla. Mu da muka fito daga ƙasar da Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'yan taru, wato ƙungiyar karantar da mata, tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun kafin rasuwarta a 1864, bai kamace mu ba.

Abin da nake so ka fara da shi a makon nan kaɗan ne. Ka kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa, don na taɓa samun yarinyar da shekara biyu ana ce mata daƙiƙiya ashe allon ne ba ta gani. Ka tabbata yana karyawa kafin ya fita, ko koko da ƙosai ne. Sannan kai da kanka, ba mahaifiyarsa kaɗai ba, ka ware minti goma bayan isha'i. Na san kana fita tun motocin albasa ba su gama sauke kaya ba, kana dawowa a gajiye, amma minti goman nan babu malamin da zai iya biyan ta a madadinka. Ka zaunar da shi kusa da kai, ka ajiye waya. In ka iya boko, ku yi ba, be, bi tare. In ajami ka iya, ka nuna masa yadda kake rubuta sunansa da shi, ka ce shi kuma ya nuna maka nasu. In ya yi kuskure ka ce sake gwadawa, in ya dace ka sa masa albarka da babbar murya yadda mahaifiyarsa za ta ji daga ɗaki.

In ka sami hali ranar Asabar bayan la'asar ka kawo mini shi, ku taho da littattafansa duka, har da waɗanda suka yage. Kada ka ce masa za a gwada shi. Ka ce masa za ku je gaida wani abokinka malami ne.